Red Hat da masu kwafar Linux: Wa zai biya kuɗin inganci?

Mai karatu, ko da ba ka taɓa ganin Linux a kwamfutar ofishinka ba, da wuya ka wuni ba ka more ta ba, domin a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin jama'a, kuma ita ce ke tafiyar da galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland, daga bisani ya sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun asalinta, ya gyara, ya raba, har ya sayar, bisa sharaɗin duk wanda ya ba manhajar ya haɗa masa da rubutun.

Wannan 'yanci ya haifar da nau'o'i barkatai, kowanne na bugun ƙirjin ya fi inganci. Akwai Debian ta 'yan sa-kai tun 1993, akwai Ubuntu da attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. Amma wanda ya fi iya mai da abin kasuwa shi ne kamfanin Red Hat na Amurka. Hajarsa ita ce kwanciyar hankali: ka biya kuɗin shekara, shi kuwa ya ɗauki nauyin toshe kowace ɓaraka har tsawon shekara goma. Bankuna da gwamnatoci suka yi ta saye, har kamfanin IBM ya saye Red Hat ɗin kansa a 2019 kan dala biliyan 34.

To, tunda rubutun a buɗe yake, sai wasu suka riƙa kwashe shi, su cire suna da tambari, su raba kyauta da sunan CentOS. Red Hat ya rungumi CentOS a 2014, jama'a suka saki jiki. Kwatsam a Disambar 2020 ya sanar cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Nan da nan Rocky Linux da AlmaLinux suka ɓullo don maye gurbinta. A Yunin 2023 kuma kamfanin ya daina ajiye cikakken rubutun hajar tasa a inda kowa zai ɗauka, sai ga abokan cinikinsa.

Hujjar Red Hat, a gaskiya, ba ta banza ba ce. Injiniyoyin da ke kwana gyaran kurakurai albashi ake biyansu, kuma wanda ya kwafi aikinsu ƙwaya da ƙwaya bai ƙara komai ba, sannan ya je yana neman ciniki da shi, ya ci gumin wani. Sai dai shi ma Red Hat a kan gumin dubban 'yan sa-kai ya gina arzikinsa, da sharaɗin da ya sani tun farko. Inda na fi ganin laifinsa shi ne batun 2029. Alkawari kaya ne, kuma kamfanin da amana ce jarinsa bai kamata ya yanke shekara takwas daga wa'adin da mutane suka tsara aikinsu a kai ba.

Abin ya shafe mu. A watan Yunin 2023 ɗin nan ne Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, don haka jami'a ko asibitin da aka ce ya koma biyan kuɗin shekara da dala ya san abin da ke gabansa. Irin waɗannan cibiyoyi ne kwafin kyauta ke rufa wa asiri.

Masu hamayya ba su zauna ba. A Agustan 2023 Oracle da SUSE da CIQ suka kafa ƙungiyar OpenELA don ci gaba da samar da rubutun, kodayake ni dai ban ɗauki Oracle a matsayin mai yi don Allah ba. Kasuwar Red Hat yake hari. Matakin AlmaLinux ya fi burge ni: ta daina kwafa ƙwaya da ƙwaya, ta ce za ta tabbatar duk abin da ke aiki a kan Red Hat ya yi aiki a kanta, gyaran kuwa ta ɗauki nauyinsa da kanta. Wato ta amince da rabin hujjar abokin hamayyarta, ta fara biyan nata kason na kuɗin inganci.