Yaƙi da Shan Ƙwaya a Amurka: Yadda Ƙananan Hukumomi Ke Neman Tallafin Gwamnatin Tarayya

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa a Amurka kuɗi ba ya yanke wa hukuma. Amma akwai garuruwa a can da magadan garinsu ke cika takardu suna neman tallafi, kamar yadda ƙananan hukumominmu ke yi wajen gwamnati da masu furoje. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan nema shi ne bala'in shan ƙwaya. A shekara ta 2022 kaɗai, fiye da mutum 107,000 suka mutu a Amurka saboda ƙwaya ta yi musu yawa a jiki. A wannan darasi za mu ga inda kuɗin tallafin ke fitowa, da wanda ke samunsa, da kuma abin da ke faruwa ranar da ya ƙare.

Mi ne ne waɗannan ƙwayoyi?

Mafi yawan mace-macen sun fito ne daga wani dangin magani da likitoci ke kira ofiyoid. Magunguna ne masu kashe zafin ciwo, kamar morfin da kodin da taramadol, wanda muka fi sani da taramol. Idan likita ya ba da su bisa ƙa'ida suna da amfani ƙwarai. Amma jiki yana saurin sabawa da su. Wanda ya saba, in bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da amai da rashin barci su kama shi. In kuma ya sha fiye da kima, numfashinsa yana raguwa har ya tsaya.

Bala'in ya zo wa Amurka hawa uku. Na farko ya faro ne daga asibiti da kantunan magani. A shekara ta 1996 wani kamfani mai suna Purdue Pharma ya fito da ƙwayar OxyContin, ya tallata ta ga likitoci cewa ba ta cika kama mutum ba. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu. Hawa na biyu ya zo wajen 2010: da aka tsananta ba da ƙwayoyin asibiti, sai waɗanda suka riga suka kamu suka koma ga hodar heroyin ta bayan fage. Na uku ya fara wajen 2013 da fentanil, wanda ake haɗawa a ɓoye, kuma ƙarfinsa ya kai ninki 50 na heroyin.

Don mi nauyin ya faɗa kan ƙananan hukumomi?

Amurka tarayya ce mai jihohi 50. Akwai gwamnatin tarayya a birnin Washinton, akwai gwamnatocin jihohi, sannan a ƙarƙashinsu akwai gundumomi da birane. Idan mutum ya faɗi a bakin hanya, motar ɗaukar marasa lafiya ta gari ce ke zuwa, tare da ƴan sanda da ƴan kashe gobara na gari. Gidan kaso na gunduma ne ke cika. A mafi yawan wurare kuma gunduma ce ke biyan kuɗin binciken gawa.

Kuɗin ƙaramar hukuma yana fitowa ne daga harajin gidaje da na kasuwanci. To ga inda matsalar take: garuruwan da ƙwaya ta fi yi wa ɓarna, da yawansu wurare ne da masana'antu da ramukan haƙar gawayi suka rufe, mutane suka ƙaura, haraji ya ragu. Ɗawainiya tana ƙaruwa, asusu yana ramewa. Shi ya sa suke juyawa ga gwamnatin tarayya.

Ta wace hanya kuɗin ke fitowa?

Kafin mu ci gaba, ku lura: dalar da za mu ambata a nan dalar Amurka ce, wadda guda ɗaya ta fi dala ɗari ta kuɗinmu. Miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan.

A shekara ta 2016 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokoki biyu kan wannan matsala. Ɗaya daga ciki ta ware dala miliyar 1 don a raba wa jihohi cikin shekara biyu. A watan Oktoba na 2017 gwamnati ta ayyana bala'in a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar jama'a. Daga 2018 aka buɗe wani babban shiri na tallafa wa jihohi, wanda daga baya ya kai kusan dala miliyar 1 da rabi a shekara.

Kuɗin yana bin hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta jiha: hukumar tarayya mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ake kira SAMHSA, tana ba kowace jiha kasonta, jihar kuma ta rarraba wa gundumomi da asibitoci da ƙungiyoyi. Hanya ta biyu ita ce ta gasa: ma'aikatar shari'a ko ta lafiya ta fitar da sanarwa a intanet, kowace ƙaramar hukuma mai so ta rubuto takardar nema kafin ranar rufewa, a duba takardun, a ba su maki, a zaɓi waɗanda suka fi.

Takardar nema ba wasiƙar roƙo ce kawai ba. Dole ta amsa tambayoyi dalla-dalla. Mutum nawa suka faɗi bara, nawa suka mutu, a waɗanne unguwanni? Wane aiki za a yi, wa zai yi shi? Waɗanne hukumomi da ƙungiyoyi suka sa hannu cewa za su yi aiki tare? Nawa kowane abu zai ci? Da wane ma'auni za a gane an ci nasara? Bayan an samu kuɗin ma, sai an riƙa aika rahoto a kan kari, ana nuna inda kowace dala ta tafi.

Wani tallafin ma ba a ba da shi sai gari ya kawo nasa. Akwai wani shiri da aka kafa a 1997 don kare matasa daga shaye-shaye. Yana ba da har dala 125,000 a shekara, amma da sharaɗin al'umma ta kawo kwatankwacinsa, ko da kuɗi ko da aiki da kayan aiki, kuma ta haɗa iyaye da matasa da malaman makaranta da malaman addini da ƴan kasuwa da jami'an tsaro cikin kwamiti ɗaya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Misalin garin Hantinton

Hantinton gari ne a jihar Bajiniya ta Yamma, cikin gundumar Kabel, a bakin kogin Ohayo. Mutanensa ba su kai 50,000 ba. Shekaru da dama wannan jiha ita ce kan gaba a Amurka wajen yawan masu mutuwa da ƙwaya, in aka kwatanta da yawan jama'arta. Wani bincike na jarida ya nuna cewa tsakanin 2007 da 2012 kamfanoni sun shigar da ƙwayoyin kashe ciwo miliyan 780 cikin jihar, alhali mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Wani ƙauye mai suna Karmit, mai mutum kamar 400, an kai wa wani kantin magani nasa ƙwaya kusan miliyan 9 cikin shekara biyu.

A 2014 magajin garin Hantinton na lokacin, Steve Williams, ya buɗe ofishi na musamman don wannan matsala. Babban aikin ofishin shi ne tattara lissafi daga ƴan sanda da asibitoci da masu motar marasa lafiya, da kuma zaunar da su wuri ɗaya. Ranar 15 ga Agusta 2016, fiye da mutum 20 suka faɗi a garin cikin ƴan awoyi kaɗan. An ceto mafi yawansu da naloksan, maganin da ke farfaɗo da numfashin wanda ofiyoid ya danne. Amma an lura da wani abu: ana farfaɗo da mutum, ya koma gida, babu wanda ya bi sawunsa, bayan kwanaki a sake ɗauko shi.

Da wannan lissafi a hannu garin ya nemi tallafin tarayya, ya kuma samu. A ƙarshen 2017 ya kafa wani ƙaramin ayari: ma'aikacin agajin gaggawa, da ɗan sanda, da mai ba da shawara kan barin ƙwaya, da malamin addini. Duk wanda aka ceto, cikin kwana uku ayarin zai je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba kama shi suke zuwa yi ba. Suna tambayar lafiyarsa, su nuna masa inda zai samu magani, in ya yarda su nema masa wuri. A 2018 kiran motar marasa lafiya saboda ƙwaya a gundumar Kabel ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari bisa na 2017. Ayarin ba shi kaɗai ya kawo wannan ragi ba, domin a lokacin an ƙara raba naloksan, an kuma ƙara wuraren jinya. Duk da haka garuruwa da dama sun kwaikwayi tsarin. A 2020, da annobar korona ta rufe wuraren taro da na jinya, lissafin ya sake hawa.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko: gasa tana fifita mai alƙalami. Babban birni yana da ma'aikata waɗanda aikinsu kawai rubuta takardun neman tallafi. Ƙaramar gunduma ta karkara kuwa, wani lokaci ma'aikaci ɗaya ke riƙe da ayyuka uku, kuma ba ta da cikakken lissafin waɗanda suka faɗi. Sai ya zama wurin da ya fi jin jiki shi ne ya fi kasa gabatar da hujja. Kuɗin yana zuwa ga wanda ya iya ƙidaya matsalarsa ya kuma rubuta ta.

Abu na biyu: tallafin na ɗan lokaci ne, sau da yawa shekara uku zuwa biyar. Kamuwa da ƙwaya kuwa cuta ce mai daɗewa. Mutum yana iya bari ya koma, ya sake bari. Magungunan da ke taimaka masa, wato metadon da bufurenofin, suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, amma sai an daɗe ana shan su. Idan tallafi ya ƙare babu tanadi, a sallami ma'aikatan da aka horar, marasa lafiya su watse. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abu na uku: kuɗin tarayya yana bin iskar siyasa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta soke tallafin lafiya na fiye da dala miliyar 11 da aka ware tun zamanin korona, kuma wani kaso nasa na yaƙi da shaye-shaye ne. Jihohi da dama sun kai ƙara kotu. Wannan ya zo ne daidai lokacin da aka fara ganin sauƙi, domin a 2024 mace-macen sun sauko zuwa kusan 80,000.

Saboda haka ƙananan hukumomi suka nemi wata ƙofa, wato kotu. Dubbansu sun yi ƙarar kamfanonin magani. A 2021 aka sanar da sulhu na dala miliyar 26 da manyan kamfanoni huɗu, wanda za a biya mafi yawansa cikin shekara 18. Hantinton da gundumar Kabel sun yi tasu shari'ar daban, suna neman dala miliyar 2 da rabi. A watan Yuli na 2022 alƙali ya yanke hukuncin da bai ba su gaskiya ba, amma a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce a sake dubawa. Ku ga yadda kuɗin kotu ma ba ya zuwa da sauri.

Abin da ya shafe mu

Taramol da ake sayarwa a tebur da tasha a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ɗan gida ɗaya ne da ƙwayoyin da muka ambata. Masu aikin ƙarfi da ƴan kabu-kabu da masu haƙar zinariya suna shansa don su jure gajiya, har ya kama su. In ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. A Najeriya, wani babban bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Nijar ba tarayya ba ce, kuma ba mu da kuɗin Amurka. Amma ƙaramar hukuma a nan ma tana neman tallafi wajen gwamnati da abokan aiki, kuma abin da aka rubuta cikin tsarin raya komin shi ake dubawa. Matsalar da ba a ƙidaya ba, ba a rubuta ba, da wuya a ware mata kuɗi. A nan ne karatunku zai yi amfani. Kwamitin unguwa ko ƙungiyar mata za ta iya riƙe littafi, tare da ma'aikacin asibiti, a rubuta mutum nawa aka kawo a wata saboda ƙwaya, da shekarunsu da sana'arsu, ba tare da sunaye ba don kada a tozarta kowa. Ranar da za a tsara ayyukan komin, sai ku je da littafin. In kuma wani furoje ya zo da tallafi, ku tambaya tun ranar farko: shekara nawa zai yi, kuma wa zai ɗauki aikin bayan ya tafi?

Tambayoyin tattaunawa

1. Waɗanne hanyoyi biyu kuɗin gwamnatin tarayya ke bi kafin ya kai ga ƙaramar hukuma a Amurka?

2. Don mi ayarin Hantinton ya haɗa ɗan sanda da malamin addini da ma'aikacin lafiya? Su wa za ku sa in a garinku ne?

3. Wane aiki kuka taɓa gani a yankinku da ya tsaya bayan tallafi ya ƙare? Mi ya kamata a yi tun farko don ya ɗore?