Zauren Fatake: Yaron Shago Ma Jari Ne

 

Idan 'yan kasuwa suka zauna lissafin ƙarshen shekara, za ka ji ana zancen kuɗin haya, kuɗin mota, kwastan da faɗuwar sidi ko naira. Da wuya ka ji wanda ya sa asarar da ya tafka ranar da yaronsa ya tattara ya bar shi. Alhali a ƙasar da ba taka ba, wannan asarar kan fi ta kayan da suka lalace a hanya.

Maigida, duba da kyau. Yaron da ya shekara uku a shagonka na Kumasi ya iya yaren Ashanti fiye da kai. Na Kwatano ko Lome yana ciniki da Faransanci da yaren 'yan gari. Shi ya san wadda ake ba bashi ta biya ran kasuwa, ya san wanda in ya karɓi kaya sai an yi ta sintiri. Duk wannan ba ya cikin littafinka, yana cikin kansa. Ranar da ya tafi, da shi zai tafi, kuma sau da yawa rumfar maƙwabcinka zai kai shi.

Ɗauki misalin albasa. Ana loda ta daga Galmi a jihar Tawa, ta kwana da kwanaki a hanya, ta ratsa Burkina Faso kafin ta sauka Kumasi ko Akra. Kaya ne da ba ya jira. Yaron da ke jin daɗin maigidansa tun asuba zai kwance buhu, ya tsince ruɓaɓɓu, ya baza saura su sha iska. Wanda ransa ke ɓace zai ga ruwa na tsatsafowa daga buhu ya kau da kai. Bai ɗauki ko sisinka ba, amma ribar ta tafi.

A 2021, da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku can bayan gari, darasin ya fito fili. Idan rumfa ta canza wuri, mai saye wayar wanda ya saba da shi yake kira. To lambar wa ke hannunsa? Galibi ta yaron da ke auna masa kaya kullum.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro daga ƙasar Ghana ta yau kafin ya shahara a cinikin gyaɗa a Kano, da yara da wakilai amintattu ya gudanar da harkarsa. Mutum ɗaya ba ya tsayuwa a kasuwa goma.

Me yaro ke so? Ba abu ne mai tsada ba. Na farko, a biya shi ranar da aka yi alkawari, ba "bari kasuwa ta buɗe" ba. Shi ma akwai tsohuwa a gida da ke jiran aike. Na biyu, kada a kwance masa zani a gaban masu saye. In ya yi kuskure, a bari a rufe shago, a ja shi gefe. Na uku, ci da makwanci da magani in ya kwanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na huɗu, a tsara masa lokacin ganin gida, ko da Sallah ɗaya ce a shekara, a haɗa masa kuɗin mota.

Uwargida, ke ma da naki. Yaron da ya baro iyayensa ya tsallako iyaka, gidanki ne gidansa. Kwanon da kike zuba masa da yadda 'ya'yanki ke kiran sunansa, duk gobe za su bayyana a shago.

Babbar magana kuwa ita ce sallama. Rigimar maigida da yaro mafi yawa daga nan take tashi: an ɗauko shi da "zan sallame ka", shekara bakwai ba a ce uffan ba. Daga nan zuciya ke fara raya masa ya sallami kansa. Tun ranar farko a zauna gaban shaidu, ko gaban sarkin zango, a faɗi shekarun da zai yi da abin da za a ba shi, a rubuta. Yaron da ya san ranarsa yakan tsare dukiyarka kamar tasa, don ya san daga cikinta jarinsa zai fito. In ka sallame shi da daɗi kuma, ka samu mai sarin kayanka da wakili a wani gari.

Kafin ka buɗe shago gobe, tambayi kanka: da yau wani zai yi wa yaronka tayin aiki, me zai riƙe shi a wurinka?

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.