Na'urar auna iskar salansa: a gano cutar kafin a ɗauki sifana

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk mai mota a Najeriya ya koma lissafin lita. Sai dai da yawa daga masu kukan motarsu na shan mai suna yawo wata da watanni da 'yar fitilar inji kunne a dashbod, wasu har sun liƙe ta da salatif don kada ta dame su. Sau da yawa ƙorafin fitilar bai wuce na wata na'ura mai kama da fulogi ba, wadda ke ɗaure a jikin bututun salansa, makanikai na ce mata oksijin sensa. Ra'ayina shi ne, mai mota mai natsuwa zai iya canza ta a ƙofar gidansa, kuma ya kamata ya koya, bisa sharaɗi guda: ya tabbatar ita ce ta lalace kafin ya taɓa ta.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera wannan na'ura, motocin Volvo suka fara fitowa da ita a 1976. Injin fetur yana ƙona mai yadda ya kamata ne idan kashi 14.7 na iska ya haɗu da kashi 1 na mai a awon nauyi. Aikin na'urar shi ne shinshina hayaƙin da ke fita, ta gaya wa kwamfutar mota ko awon ya yi daidai. Irin wadda aka fi sani tana aika wutar da ke kai-komo tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt: ƙasa na nufin iska ta rinjaya, sama na nufin mai ya yi yawa. Da wannan labari kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi. Ranar da na'urar ta mutu, kwamfuta ta zama makauniya, sai ta koma kan awon da aka ajiye mata, yawanci tana zuba mai fiye da kima. Fulogogi su yi baƙi ƙirin, salansa ta dinga warin ɗanyen fetur, tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ta ɗauki zafi har ta toshe. Kuɗin tukunyar ya ninka na na'urar sau da yawa, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Aikin canjin kansa ba shi da wani sirri. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, kuma akwai 'yar na'urar bincike mai sauƙin kuɗi da ake jona masa ta turo lambar matsala zuwa waya. Galibin lambobin P0130 zuwa P0167 na layin wannan sensa ne, suna kuma nuna wacce ce, domin inji mai silinda huɗu yawanci biyu gare shi, ɗaya kafin tukunya ɗaya bayanta, mai silinda shida kuwa kan kai huɗu. Sai a bar salansa ta huce, a zare soket ɗin wayar sensar, a fesa man sassauta tsatsa a ba shi lokaci ya ratsa, a kwance da sifana mai lamba 22. Sabuwar da yatsu ake fara murza ta har ta zauna sumul, kafin sifana ta ƙarasa. A mayar da wayar inda take, nesa da ƙarfe mai zafi, a goge lambar.

Inda ake tafka asara shi ne wajen karanta lambar. Lamba tana nuna layin da matsala take, ba ta rantse cewa sensa ce ta mutu ba. Wayar da ɓera ya ci, ko ta narke a jikin salansa, ko fis ɗin da ya ƙone, ko ramin da iska ke shiga bututu, duk suna iya kunna fitilar. Lambar P0420 kuwa ƙarar tukunyar take kawowa, kuma motoci da yawa a titunanmu an riga an cire musu indomi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Irin wannan mota ko sau goma aka sa mata sabuwar sensa, fitilar za ta dawo. Minti goma na bin waya da tocila ya fi zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka sau biyu.

Masu cewa a bar wa gwani aikinsa suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko haɗari: salansa na ƙuna, mota na danne mutum. Gaskiya ne, shi ya sa ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma sensar da tsatsa ta kama gam a kai ta gareji kafin zaren ya cinye. Na biyu jabun kaya. Wannan ya fi cin wanda bai san komai ba, domin wanda ya san lambar kayan motarsa, ya san ta gaba a Toyota da yawa daban take da ta baya, ba a cika tallata masa gaibu ba. Na uku abincin makaniki. Makanikin kirki ba ya rasa aiki don mai mota ya waye. Shi ne ma ke jin daɗin wanda ya zo masa da lamba a hannu, su yi magana a kan hujja.

Don haka, mai mota, ɓare salatif ɗin nan daga dashbod. Karanta lambar, bi wayar, sannan ka yanke ko aikin hannunka ne ko na gareji. Kowace rana da fitilar ta kwana kunne, daga aljihunka ake biya a gidan mai.