Man Nijar ya shiga teku: wace doka ke kare ruwa da masunta?

Nijar ba ta da teku, amma manta yana tafiya a kan teku. Daga rijiyoyin Agadem, cikin jihar Difa, an shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 har zuwa tashar Seme, kusa da Kwatano, a ƙasar Benin. A watan Mayu na 2024 aka ɗura wa jirgin ruwa na farko ɗanyen man Nijar a can. Saboda haka ya kamata mu san dokokin da suka hana jiragen ruwa da masu haƙar mai gurɓata teku, mu kuma san inda suka gaza.

Yadda dokokin suka samo asali

Kusan kowace doka a wannan fanni haɗari ne ya haife ta. A 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya daki dutse kusa da Ingila, ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 100,000. Man ya lulluɓe gaɓar Ingila da ta Faransa, tsuntsaye da kifaye suka mutu. Sai ƙasashe suka tarar ba su da wata doka ɗaya da za ta ce ga wanda zai biya.

Daga nan hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, wadda ke da mazauni a Landan, ta tara ƙasashe. Aka tsara yarjejeniyar MARPOL a 1973, aka yi mata gyara a 1978, ta fara aiki a 1983.

Abin da doka ta ɗora wa jirgi

Mutane da yawa suna zaton sai jirgi ya fashe mai yake zuba. Ba haka ba ne. A da, ma'aikatan jirgi kan wanke tankunan mai da ɗakin inji, su tuttular da ruwan wankin cikin teku, kullum, ba tare da kowa ya gani ba. MARPOL ta taƙaita wannan. Ruwan da ya fito daga ɗakin inji sai an tace shi, kuma man da ya rage ciki kada ya wuce kashi 15 cikin miliyan ɗaya. A ganga mai cin lita 200, wannan bai cika ƙaramin cokali ba. Sauran dattin a ajiye shi har a iso tasha. Dole ne kuma jirgi ya riƙe littafi, a rubuta duk abin da aka yi da mai, domin masu bincike su duba.

Bayan haɗarin jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, Amurka ta kafa doka a 1990 cewa jiragen dakon mai su zama masu jiki riɓi biyu: in na waje ya huje, na ciki ya riƙe man. A 1992 aka shigar da wannan sharaɗi cikin MARPOL.

Akwai kuma maganar diyya. Yarjejeniyoyin 1992 sun ɗora wa mai jirgin dako alhakin ɓarnar da mansa ya yi, sun kuma tilasta masa yin inshora. In ɓarnar ta fi ƙarfin abin da aka ƙayyade masa, akwai asusun ƙasa da ƙasa da ke cikewa. Kamfanonin da ke karɓar mai ta teku fiye da tan 150,000 a shekara su ke zuba kuɗi cikinsa.

Inda gizo ke saƙa

Doka a takarda daban, aiki da ita daban. Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ce ta farko wajen hukunta shi. To amma jirage masu ɗimbin yawa suna yin rajista a Panama ko Laberiya ko tsibiran Marshal, alhali masu su suna wata nahiya. Ƙasar da jirgi ya tsaya a tasharta ita ma tana da ikon bincike, sai dai bincike yana son ƙwararru da jiragen sintiri, kuma ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma ba duka ke da isassu ba.

Babban giɓin yana wajen rijiyoyin da ake haƙawa a cikin teku. Asusun diyyar nan na jiragen dako ne. Bai shafi man da ya ɓalle daga rijiya ba. Kowace ƙasa da dokarta, kuma ƙarfin doka gwargwadon ƙarfin ƙasa ne. A 2010 wata rijiyar kamfanin BP ta fashe a tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala. Hukumomin Amurka sun matsa har kamfanin ya yarda ya biya fiye da dala biliyan 20.

A gwada wannan da abin da ya faru a maƙwabciyarmu. A watan Disamba na 2011, a filin mai na Bonga, wajen kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, kimanin ganga 40,000 suka zuba cikin teku. Abin lura a gare mu shi ne lokacin da abin ya faru: ana cikin ɗura wa jirgin dako mai ne, wato irin aikin da ake yi wa man Nijar a Seme. Hukumar Najeriya mai kula da malalar mai, wadda aka kafa a 2006, ta ci kamfanin Shell tarar dala biliyan 3.6, kamfanin ya ƙalubalanci tarar a kotu. Mazauna gaɓar da suka ce man ya ɓata musu kamun kifi da filaye sun kai ƙara har Landan. A watan Mayu na 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa sun makara, wa'adin shigar da ƙara ya wuce.