Batun Wayoyin Da Gyara Ba Ya Iso Musu

Ga wata mas'ala da ta addabi 'yan kasuwa a Yelwa da Wara da Shanga da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, har ta soma shiga zaurukan malamai. Mutum ya sayi waya da kuɗi masu kauri, ya shekara uku ko huɗu yana ciniki da ita, gilashinta bai tsage ba, batirinta bai kumbura ba, sai wata safiya manhajar banki ta ƙi buɗewa, ta ce wayar ta tsufa. Abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne kamfanin layi ya cuce shi. Wannan zargi yana da asali, amma asalinsa ba a ƙasar nan yake ba, kuma wajibi ne a san mai laifi kafin a ɗaura masa.

Cikin kowace waya akwai uwar manhaja, wadda sauran duka ke zaune a kanta. Ta mafi yawan wayoyin wannan yanki ita ce Android, ta kamfanin Google na Amurka, wadda ta fara fita a 2008, aka kai ga ta 16 a 2025. Rubutu ne na ɗan Adam, shi kuwa ba ya rasa kuskure. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san dalilin darasu: komai ƙwarewar mai satu, sai an kai allo gaban gwani ya duba, domin allon da ba a kai ba, kuskurensa yana nan, kuma da shi za a haddace. Haka Google ke fitar da gyara, wani don ƙarin amfani, wani don toshe ƙofar da ɓarayi suka gano. Tambaya ita ce ta wace hanya gyaran zai iso hannun mai kifi a Yelwa.

Hanyar tana da sanadi, kamar na ruwaya. Google ya miƙa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, su daidaita shi da tasu ƙira. Su kuma su miƙa wa mai sunan wayar, ya ƙara nasa ado. A wasu ƙasashe akwai hannu na huɗu, watau kamfanin layi, wanda sai ya gwada ya yarda kana a sake shi. In hannu ɗaya ya noƙe, sanadi ya yanke. Dalilin noƙewa kuwa a fili yake: kowane gyara ma'aikata ne ke yinsa a biya su, alhali wayar an riga an sayar an ci riba. Kamfanin Apple ya ƙi wannan tsari tun farko, shi ke aika wa wayoyinsa kai tsaye.

A Amurka mutane sun saba karɓar waya daga kamfanin layi suna biya kaɗan kaɗan, saboda haka hannu na huɗu ya yi ƙarfi a can, ya kuma yi nawa. A watan Afrilu na 2013 wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna ACLU ta kai ƙarar manyan kamfanonin layi huɗu, AT&T da Verizon da Sprint da T-Mobile, gaban hukumar ciniki ta ƙasar, cewa suna sayar da wayoyi su bar su babu gyara, ba su kuwa gaya wa masu saye. A 2015 aka gano wata ɓaraka da aka kira Stagefright, wadda saƙon hoto ko bidiyo guda ya isa a shiga wayar mutum da ita, aka ƙiyasta ta shafi wayoyi wajen miliyan 950. Daga nan Google ya soma fitar da gyaran tsaro wata wata, a 2016 kuma hukumomin Amurka biyu suka rubuta wa kamfanonin layi da masu ƙera waya suna tuhumar jinkirinsu.

Nijeriya ba haka ta tashi ba. Tun da aka soma wayar salula a 2001, layi daban ake saye, waya daban. Dillali ya ɗauko kaya daga Ikeja ta Legas ko Farm Centre ta Kano, mai saye ya sa layin da ya ga dama. Saboda haka MTN da Airtel da Glo ba sa cikin sanadin wayar da aka saya sabuwa a kasuwa, ba su riƙe gyara ba, ba su da ikon sakinsa. Sai dai akwai togaciya babba, ita ce tokumbo. Wayar da aka yi wa wani kamfanin layi na Amurka tana ɗauke da manhaja irin tasa, wasu daga cikinsu kuwa ba sa karɓar gyara sai da layinsa a ciki. An buɗe ta, tana kira, tana karɓar saƙo, mai ita yana murna ya sami babbar waya da araha, alhali tana jiran izini daga wani kamfani da bai san akwai Yawuri a duniya ba.

Kamfanonin layi na gida ma ba su fita sarai ba. Babban gyara yakan haura gigabait guda, da data ake sauke shi, a watan Janairu na 2025 kuwa hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. A tsibiran Gungawa da ƙauyukan Ngaski sabis yakan zo ya tafi, saukewa ta kai rabi ta katse. Waya kuma ba ta yarda ta sa gyara in caji ya yi ƙasa. Abin mamaki ne a ce madatsar da aka gama a 1968, aka tashi dubban mutanen wannan ƙasa daga gidajen kakanninsu dominta, aka sa mata injinan da za su ba da megawat 760, har yanzu jikokinsu da yawa a rumfar mai janareta suke biyan kuɗin caji. Wanda ke wannan hali in waya ta ce masa a sabunta, sai ya danna "an jima".

Amma nauyi mafi girma yana kan mai ƙera waya. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kasuwannin Arewa, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ba a musa cewa ya sa waya a hannun talaka ba. Sai dai masu araha, nasa da na wasu, da yawansu da manhajar da aka haife su da ita suke mutuwa. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka ba da labarin dubban wayoyi samfurin Tecno W2 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, waɗanda suka zo da muguwar manhaja tun daga kwali, tana cin data tana neman yi wa mutum rajistar abin da bai nema ba. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, kuma ya riga ya fitar da magani, mai waya ne zai sauke. Nan ne gizo ke saƙar, domin magani ya fito, amma mai ciwon bai ji labari ba. A ɗaya gefen, Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma ta wajabta aƙalla shekara biyar ga wayoyin da ke shiga kasuwarta daga ran 20 ga Yuni 2025. Ashe abin mai yiwuwa ne, in akwai mai kuɗi ko mai doka.

Da can wannan ba zai dami kowa ba. Canjin kuɗi ne ya sauya al'amari: tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin banda da warangi da albasa ya koma taransfa, jarin mutum ya koma cikin aljihun rigarsa. Ta WhatsApp ake aika wa abokin ciniki na Anacha hoton kwandon kifi, ta nan almajirai ke bin karatun malamansu. Ran 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai na 5 ba, watau wanda ya girmi na 2014. Wanda abin ya faɗa wa yakan ruga wurin mai gyara a zuba masa wani jabu, irin wanda ake kira GB WhatsApp, ya miƙa sirrinsa ga wanda bai sani ba, wani lokaci kuma kamfanin ya toshe lambarsa.

Ga malamai akwai abin dubawa a babin ciniki. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil duk sun tabbatar da haramcin algus da ɓoye aibi, da haƙƙin mai saye ya mayar da kaya in ya ga tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Wayar da aka yanke wa gyara bayan an saye ta, da wuya a kira wannan tsohon aibi, sai dai a ce an sayi abin da ba a san ajalin amfaninsa ba. Amma wadda aka riga aka yanke wa tun tana cikin gilashin shago, ko tokumbon da ke ɗaure da kamfanin wata ƙasa, lalle aibi ne mai rage daraja, dillalin da ya sani ya yi shiru ya yi tadlisi. Dillalan ƙauye da yawa su ma ba su sani ba, wannan uzuri ne gare su, ba uzuri ba ne ga manyan masu shigo da kaya. Tun da NCC ce ke ba kowane samfuri izinin shiga kasuwa, ba zai gagare ta ba ta sharɗanta a buga shekarar ƙarshen gyara a jikin kwali, kamar yadda ake buga ranar lalacewar magani.

Kafin a kai ga haka, wayar da kanta tana ba da shaida. A wurin saiti, ƙarƙashin bayanin waya, akwai lambar Android da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Mai saye ya sa a buɗe masa a gaban dillali kafin ya ƙirga kuɗi, ya sa a taɓa wurin neman sabuntawa a ga abin da za ta ce. In kwanan watan ya wuce shekara biyu kuma ta ce babu sabo, ta isa kira da sauraron karatu, amma kada a ɗora mata asusun banki.