Zuwa ga makanikan da ke shirya mota don shiga daji

Iyayena da 'yan'uwana makanikai, masu walda, masu faci da 'yan rewaya, na Ƙofar Ruwa a Kano, na Panteka a Kaduna, da na garejojin Agadas.

Ni ba bakanike ba ne. Fasinja ne da ya shafe shekaru yana zama a bayan motocin da suka fito daga hannunku, yana bin hanyoyin da babu kwalta. Kun fi ni sanin sifana, wannan ba gardama. Amma idan mota ta bar gareji ku kun gama da ita, mu kuwa a nan muke fara zama da aikinku, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku labarin abin da muke gani a can.

Yawanci ga yadda abin ke farawa. Mutum ya sayo Hilux ko Land Cruiser 'yar Kwatano, irin wadda a Nijar ake ce wa kat-kat, ya kawo ta ya ce: a ɗaga min ita, a sa manyan tayoyi, a yi mata ƙarfen gaba, a jera fitilu a sama. Roƙona na farko shi ne kada ku taɓa ko noti ɗaya sai kun tambaye shi ina za ta. Rairayin Tenere daban, taɓon fadamar Haɗejiya da Nguru a watan Agusta daban, hawan dutsen Mambila zuwa Gembu kuma daban. Tayar da ke da manyan haƙora tana cin laka, amma a yashi tono take yi har motar ta zauna kan cikinta. Idan mai mota bai san amsar ba, to ku sani ado yake nema, kuma ya kamata a gaya masa.

Bayan tambaya, sai a kwanta ƙarƙashin mota da guduma. Motar da ta yi shekaru a Turai ta sha gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, kuma tsatsar nan daga cikin shasi take ci zuwa waje. Fenti baƙi sabo a jikin shasi abin tuhuma ne. Ku ƙwanƙwasa wurin da sifirin ke rataye, da inda akwatin sitiyari ke ɗaure, ku saurari ƙarar. Duk kuɗin da mai mota ya ware wa ƙawa, a fara kashe shi a nan: birki, bushin, giris na aksul, bel ɗin taimin. Injin 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda Toyota ta fitar a 1990 kuma direbobin Sahara ke yaba haƙurinsa, da bel yake aiki, kuma idan ba a san yaushe aka canja shi ba, a ɗauka lokacinsa ya wuce.

Sai maganar da ta fi damuna, wato tamostat. Ya zama al'ada, da zarar mota ta sauka, a cire shi a jefar, wai ƙasarmu zafi gare ta. Don Allah ku bar wannan. A injuna da yawa, tamostat idan ya buɗe hanyar lagireto yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In aka cire shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanyar ba tare da ya leƙa lagireto ba. A cikin gari ba za a gane ba. Ranar da motar ta shiga yashi mai laushi, tana nishi a giya ta biyu, iska na binta ta baya, ranar ce allura za ta hau. Na taɓa kwana biyu a ƙarƙashin wata ƙaya saboda haka, gaskit ya ƙone, muna kallon ruwan shanmu yana raguwa, akwai mace mai goyo a cikinmu. Allah ya kawo wata mota. Idan inji na zafi, a wanke lagireto ko a canja shi, a duba kulocin fanka, a duba murfi, a zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon ruwan rijiya da ke barin ƙasa da tsatsa. Kuma kada a jera fitilu da faranti a gaban hancin motar har iska ta rasa ta inda za ta shiga.

Yanzu ɗagawa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a motar da ke da aksul ɗaya miƙaƙƙe, ko ka ɗaga bodi ya kai rufin ɗaki, tulun nan na tsakiyar aksul yana nan inda yake. Shi ne ke fara dukan dutse. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da aka ƙara: daga inci 31 zuwa 33, inci ɗaya kacal aka samu. A madadin wannan incin, motar ta yi asarar kusan kashi 6 cikin 100 na ƙarfin ja, birki ya ƙara wahala, kuloci ya ƙara shan wuya, kuma idan agogo ya nuna 100, gudun gaskiya ya kai 106. Ban ce kada a yi ba, ina cewa a faɗa wa mai mota farashin kafin a yi. Ni a ganina ɗagawar inci 2, da sifirin da shokozoba da aka ƙera don juna, ta ishi kusan kowa. In aka wuce haka, farfela ta karkace fiye da kima, tiyon birki ya miƙe kamar tsirkiya idan ƙafa ta faɗa rami, sitiyari ya fara yawo, motar kuma ta zama mai saurin kifewa a gefen tudun yashi.

Akwai dabarun da nake roƙon ku daina gaba ɗaya. Gasa sifirin a wuta don a ƙara masa lanƙwasa yana kashe ƙarfen, ba zai daɗe ba zai kwanta ko ya karye. Cusa ganyen sifirin na babbar mota yana sa ta sandare, sai dukan gargada ya wuce kai-tsaye zuwa shasi ya tsaga shi. Saka guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul na gaba wasa ne da rai. Haka nan walda a gicciye a kan leɓen shasi, domin nan ne tsaga ke farawa. In dole ne a ƙarfafa, a ɗora faranti a gefe, mai siririn baki, a bi tsawon shasin.

Nauyi kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, motocin da ke fita daga Agadas ɗauke suke da mutane da ganguna da injuna fiye da abin da aka yi su dominsa. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin jerin 70 da ake ƙerawa tun 1984, kayanta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma ƙarfen gaba da keriya da tankin da kuka ƙara duk daga cikin wannan tan ɗin ake cire su. Ganga ɗaya ta ruwa mai lita 200 kilo 200 ce. Ba ku da iko a kan abin da direba zai loda, amma kuna da iko a kan inda nauyin zai zauna. Ƙarin tankin gas ya kwanta ƙasa tsakanin ƙafafun shasi, da shinge a cikinsa don kada man ya riƙa tumbatsa. Keriyar sama ta tabarma ce da katifa da buhunan tufafi. Bututun ƙarfe mai kauri da ake yi wa gaba don ya burge mutane yana karya sifirin gaba, kuma idan aka buge mai tafiya a ƙasa ba ya tashi.

Bututun shaƙar iska da ake fitarwa ta gefen gilashi yana da amfani, ya fi yi wa ƙura magani ma fiye da ruwa. Amma a toshe kowace mahaɗa da kyau, kuma a gaya wa direba motarsa ba ta zama kwalekwale ba. Aksul da giyabos suna da 'yan ƙofofin numfashi. Idan ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwan ta nan, mai ya koma kamar madara. Ɗan tiyo da aka ja zuwa sama ya raba wannan gardama, kuma kuɗinsa bai kai na fitila ɗaya ba. A ƙara filta mai raba ruwa da gas, tunda man daji daga jarka ake saye. 'Yan rewaya, kowace fitila da fis ɗinta da rile, kada a naɗa waya a gurbin fis, kada waya ta ratsa ƙarfe babu roba.

Masu faci, ku karanta wa mai mota lambobi huɗun nan na gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar Beljiyam, wato ta hannu, mai haƙora cikakku tana iya zama tsohuwar da ta bushe. Ku koya masa rage iska a yashi zuwa wajen 18 a ma'auni, ku tabbata yana da famfon da zai mayar da ita kafin ya hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska a guje zafi take yi ta fashe. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Sannan a yi wa motar kunnen ja mai ƙarfi da aka ɗaure a shasi, gaba da baya. Ƙwallon jan tirela ba na fizgar motar da ta kafe ba ne, idan ya tsinke fitowa yake kamar harsashi.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Ban ɗora wa wani bakanike alhakin wannan ba. Na kawo shi ne don mu tuna irin wurin da motocin nan ke zuwa bayan an biya kuɗin aiki an yi sallama.

Saboda haka kafin ku miƙa makulli, ku loda mata buhunan yashi daidai kayan da za ta ɗauka, ku fita da ita bayan gari tare da mai ita. A sa giyar ƙafa huɗu a ƙasa mai laushi, a cire ta kafin a hau kwalta, ya ga yadda ake yi da idonsa. A taka birki da ƙarfi, a hau gargada, a dawo a bar ta ta huce. Washegari a sake bin notin tayoyi da na sifirin ɗaya bayan ɗaya, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, a rubuta masa a takarda abin da aka canja da ranar da aka canja, ya ajiye a cikin motar.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku, fasinjan bayan mota.