Herakilis a idon matan da ya ci amanarsu

Fitowa ta farko ta sabon jerin Wonder Woman, wadda kamfanin DC na Amurka ya fitar ɗauke da watan Fabrairun 1987, ta cancanci karatu ko ga wanda littattafan zane ba su dame shi ba. George Pérez ne ya zana ta, shi da Greg Potter suka tsara labarin. Darajarta a ganina ita ce ta ɗauki hikayar Girkawa ta sa ta a bakin waɗanda aka ci da yaƙi.

A wajen Girkawa Herakilis gwarzo ne, kuma karɓo ɗamarar Hipolita, sarauniyar mayaƙan matan nan da ake kira Amazon, shi ne na tara cikin ayyuka 12 da aka ɗora masa. A wannan littafi kuwa, Ares, ubangijin yaƙi a addininsu na dā, shi ya zuga shi. Hipolita ta kayar da shi a fili. Da ƙarfi ya gaza, sai ya nemi zumunci, ya zuba mata magani a abin sha, ya sa mata sarƙa, mutanensa suka bautar da matan. Mai karatu da ya saba jin kirarin Herakilis sai ya tarar da maci amana tsirara.

Wasu za su ce an ɓata tsohon labari. Ban yarda ba. Girkawan kansu ba su ruwaito shi iri ɗaya ba: a wata ruwayar Hipolita ta amince ta ba da ɗamarar, Hera ce ta haddasa fitina har Herakilis ya kashe ta. Pérez ƙara murya ya yi a kan muryoyin da dama suka saɓa.

Ya kuma yi haƙurin da ba kowane marubuci ke da shi ba. Dayana, jarumar da sunanta ke kan bango, ba ta bayyana sai labari ya yi nisa. Kafin nan mun san matan Amazon rayukan mata ne da maza suka kashe, aka sake halittarsu, ita kuwa ran ƴar da ke cikin Hipolita ce lokacin da aka kashe ta a rayuwarta ta farko, aka hura shi cikin yumɓu.

Aibinsa cunkoso ne. Shafukan sun cika da ƙananan hotuna da dogon bayani, allolin kuma suna magana kamar masu karanta wasiƙar sarki.